Ƙarin Girman Kofur

Ku yaran yanzu ba ku da cutar da ta wuce raina abin da kuka tarar. A miƙa muku abu yana aikinsa lafiya lau, shekara talatin bai yi wa kowa gardama ba, sai ku zagaya shi sau biyu da hannu a aljihu ku ce da gyara. Ba ku tambayar wanda ya riga ku. Kun iya latsa waya, kun iya zana lissafi a takarda, amma a ce ku tsaya a gama yi muku magana, wannan ya fi ƙarfinku. To ku zauna ku ji yadda Nasidi ɗan Sallau Direba ya ƙare, in kuna da kunnen ji.

A Kwarin Maje mota ɗaya ce tak ke iya ratsa yashin rafi ta shiga fadama, ita ce motar Sallau. Tsohuwar motar sojoji ce ta ɗaukar kaya, koriya, mai taya shida, wadda ya sayo a gwanjon bariki tun Nasidi yana goye. Mutanen gari suka sa mata suna Kofur, don ba ta da kyau, ba ta da sauri, amma duk inda aka ce ta je tana zuwa. Aikinta a lokacin tumatir kowa ya san shi. Ran Talata da safe ta fita fadama a loda mata kwandunan jama'a, ta dawo da la'asar ta kwana da kayanta a gareji. Ran Laraba da asuba ta kama hanyar kasuwar Tashar Dogo, ta isa kafin manyan motocin 'yan Kudu su cika su tashi. Wanda tumatirinsa bai riski motocin nan ba, sai dai ya dawo da shi gida a yanka a shanya.

Garejin kuwa Sallau ne ya gina shi da hannunsa. Daga ciki ya ba shi tsawo sosai, amma ƙofar ya yi ta daidai jikin motar, ya gicciya azara biyu a samanta. Azarar nan ba ta tsaya a ƙofa ba, ta zarce ta ɗauki rufin ɗakin yayarsa, Gwaggo Tasalla, wadda ta dawo gidan tun rasuwar mijinta. Gwaggo Tasalla tsohuwa ce siririya, mai sayar da daddawa, wadda ba a taɓa jin ta maimaita magana sau biyu ba.

Da idon Sallau ya yi rauni har ya fara gaishe da turmi yana zaton baƙo ne, sai ya kira Nasidi zaure ya ɗora masa makullin motar a tafin hannu. Bai saki makullin nan da nan ba.

Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya Kofur ba ta fasa kasuwar Laraba ba, ba ta kuma kwana a waje ba. Ranar da ta fasa kasuwa saboda kai, ka dawo min da makullina. Ka ji?"

Nasidi ya ce, "Na ji, Baba."

Ji kam ya ji. Wata huɗu yana tuƙi ba abin da ya faru, har aka fara cewa yaron ya yi hankali. Ashe jira yake.

Abin ya faro ne daga teburin mai shayi. Wani abokinsa, Lawandi mai cajin waya, ya nuna masa hoton wata motar sojoji irin tasu sak, a wata ƙasa, an sa mata tayoyin da suka kai ƙirjin mutum. Nasidi ya kalli hoton har shayinsa ya huce.

Lawandi ya ce, "Ka ga mota. Taku kuwa shekara talatin tana kofur. Ko jaki ne a soja ai ya ci a ce ya zama saje."

Aka yi dariya, Nasidi ma ya yi, amma maganar ta bi shi gida ta kwana da shi. Washegari ya tashi da dalilai cike da baki. Manyan tayoyi sun fi kama yashi. Manyan tayoyi sun fi gudu a kwalta. Manyan tayoyi ba sa barin cikin mota ya taɓa ƙasa. Duk cikin dalilan nan bai faɗi na gaskiyar ba, wato yana so in ya shiga Tashar Dogo a miƙe tsaye a kalle shi.

Ba za a ce bai auna ba. Ya auna, kuma abin da ya ƙara masa girman kai ke nan. Ran wata Talata da yamma, bayan ya shigo da Kofur daga fadama da kwando tamanin a bayanta, ya tsayar da ita daidai ƙarƙashin azara, ya hau ya sa hannu tsakanin rufin motar da azarar. Ya buɗe yatsunsa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ya sami taƙi ɗaya, da rarar yatsa biyu. Ya sauko ya rubuta a bayan kwalin shayi. Tayoyin da yake so sun fi na yanzu tsawo da taƙi biyu. Ya zauna ya yi tunani irin na wanda ya yi makaranta, ya gano cewa rabin ƙarin ne kawai zai ɗaga motar, ɗaya rabin sama zai yi ya shige cikin madigadi. Ke nan Kofur za ta tashi da taƙi ɗaya, ta wuce azara da rarar yatsa biyu. Ya kalli kwalin nan ya ji tausayin mutanen da ba su yi boko ba.

Washegari da ya dawo daga kasuwa ya tafi wurin Ilu Makanike. Ilu shi ne ya yi wa Sallau karen mota shekara goma sha biyar kafin ya buɗe rumfarsa, kuma babu noti ɗaya a jikin Kofur da bai taɓa kwancewa ba. Ya saurari Nasidi yana goge hannu da tsumma.

Ya ce, "Maigida ya sani?"

"Zai sani in ya gani."

"Ai ba ya gani."

"To zai shafa."

Ilu ya ninke tsumman. "Ƙofar fa? Ka auna?"

Nasidi ya miƙa masa kwalin shayi. Ilu ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Da ka auna ɗin nan, motar tana da..."

Nasidi ya katse shi. "Malam Ilu, wannan lissafi ne, ba duba ba. Kai dai naka sifana. In ba za ka iya ba ka faɗa min in ɗauko mutum daga birni."

Ilu ya mayar masa da kwalinsa. Ya ce, "Zan iya."

Nasidi yana da sa guda da ya turke shekara biyu yana ba shi dusa da harawa, wanda uwarsa ta sa ran shi ne zai zama kayan lefe. Ran Alhamis san nan ya bar gida. Ran Asabar tayoyi shida da wilinsu suka iso daga Kano a bayan wata tirela, aka sauke su bayan gari, aka gangaro da su ɗaya bayan ɗaya ta lungun bayan gida don kada a gani. Kowace taya sai da mutum uku suka tura ta. Nasidi ya ce a garejin za a yi aikin, ƙofa a rufe. So yake ran Talata ya buɗe ƙofa gari ya ga abu kwatsam.

Ilu ya ce, "A fili aka saba canja taya."

"A fili ake canja tayar kofur. Wannan manjo za ta fito."

Lahadi da Litinin suka yi suna fama. Aka kafa jak, aka tara itatuwa a ƙarƙashi, aka kwance notunan da suka shekara ashirin ba su motsa ba. Wilin gaba ya ƙi zama sai da Ilu ya yi masa dabara. Da aka juya sitiyari tayar ta goga madigadi, sai da aka yanke masa baki da zarto. Duk dukan da aka yi wa ƙarfe, ƙasa ta zubo daga rufin Gwaggo Tasalla. Ran Litinin da hantsi ta zo ta tsaya a bakin ƙofar, ba ta shiga ba.

Ta ce, "Ilu, me ake kashewa a ciki?"

"Gyara ne, Gwaggo."

"Me ya lalace?"

Nasidi ya leƙo da baƙin mai har goshi ya ce, "Ba abin da ya lalace, Gwaggo. Ƙara mata ake yi."

Ta ce, "To," ta koma ta ɗauke tukunyar daddawarta daga jikin bango.

Tsofaffin tayoyin kuwa, da yammacin Litinin ɗin Nasidi ya aika wa Mamuda mai takalman taya ya zo ya kwashe. Ilu ya ce a bar su ko kwana biyu ne, a ga yadda sababbin za su yi. Nasidi ya ce wanda ya ajiye tsohon abu bai yarda da sabon ba ne. Mamuda ya kwashe su a amalanke yana ta godiya, don tayar soja tana da nama, takalminta sai mutum ya gaji da shi.

Ran Talata da safe duk mai ƙarfi a garin ya tafi fadama tsinkar tumatir. Waɗanda suka rage su ne Lawandi da 'yan teburin shayi da Nasidi ya gayyato, da dattawan da ke zama a dakalin masallaci, da mata a bakin zaure. Nasidi ya sa farar shadda. Ya buɗe ƙofar gareji gefe da gefe, sannu a hankali, kamar mai buɗe kayan amarya.

Gaskiya a faɗe ta, Kofur ta yi kwarjini. Ta tashi tsaye ta yi ƙirji, har Lawandi ya cire hula. Nasidi ya kama ƙofar motar zai hau, ƙafarsa ta kasa kai matakin, sai da ya tattare shaddar ya yi tsalle. Ya tayar da inji, ya danna ham sau biyu, ya sa giya. Hancin motar ya fito. Gilashi ya fito. Sai aka ji ƙum.

Rufin motar ya daki azara. Gini ya girgiza. Ƙasa ta zubo daga saman ɗakin Gwaggo Tasalla ta faɗa cikin kwanon kokonta.

Nasidi ya ja baya, ya sauko, ya ɗaga kai ya duba. Ba yatsa biyu ne suka rage ba. Rufin motar ya haura gindin azarar da kusan taƙi guda. Ya lalubo kwalin shayi daga aljihu ya duba, ya sake duba azarar, ya sake duba kwalin.

Sallau ya fito daga zaure yana dogara sanda, ya bi bango har gareji. Ya sa hannu ya shafa tayar gaba tun daga ƙasa, ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, har hannun ya kai ƙirjinsa.

Ya ce, "Ilu."

"Na'am, Maigida."

"Motar wa aka ajiye min a gareji?"

Nasidi ya matso ya fara bayani, da taƙi, da rabi, da rarar yatsa biyu. Uban ya bar shi har ya kai aya.

"Yaushe ka auna?"

"Talatar da ta wuce, Baba. Da yamma."

"Da kaya ko ba kaya?"

Nasidi ya cusa kwalin shayi a aljihu.

Sallau ya ce, "Kwando tamanin na danne ta taƙi guda. In ba kaya, yatsa biyu ne tsakaninta da azara. Ni na gina ƙofar, da ka tambaye ni. Ilu ma ya sani."

Ilu ya ce, "Na fara faɗa, aka ce nawa sifana."

Sallau ya juya zai koma. A bakin zaure ya tsaya ya ce, "Gobe Laraba," ya shige.

Nan fa Nasidi ya fara zagaya motar. Tumatirin mutane na can fadama ana tsinka ana jerawa a rana, motar da za ta ɗauko shi tana nan a tsare kamar wadda ta yi laifi a bariki. Abu na farko da ya faɗo masa shi ne azara. Ya ce a kawo gatari da diga a cire ta, in ya so a mayar daga baya. Kafin a kawo gatarin, Gwaggo Tasalla ta fito da kujerarta 'yar tsugune, ta ajiye ta daidai ƙarƙashin azarar, ta zauna, ta ɗora faifai a cinya ta fara tsince kalwa.

"Gwaggo, don Allah ki ɗan matsa."

"Ina?"

"Ko nan gefe. Azarar za mu ɗaga kaɗan."

"Ɗakina na kanta."

"Za mu tokare shi da itace."

"Yadda ka auna ƙofa haka za ka auna itacen?"

Ba wanda ya sake maganar gatari.

Sai ya ce a dawo da tsofaffin tayoyi. Ya ruga rumfar Mamuda da farar shaddarsa. Ya tarar Mamuda mutum ne mai himma, tun bayan sallar asuba ya hau aiki. Tayoyi huɗu sun zama fallaye, biyu an riga an yanke musu baki, ga takalma ƙafa tara a jere a kan tabarma.

Mamuda ya ce, "Ka zo a daidai. Na ware maka ƙafa ɗaya kyauta. Lamba nawa kake sawa?"

Ya dawo yana haki. A hanya wata dabara ta zo masa, har ya ji ƙarfinsa ya dawo. Tunda nauyi ne ke danne ta, a ba ta nauyi. A kawo tumatirin nan gida a amalanke ba zai yiwu ba, shanu ba sa ratsa yashin rafi da kaya sai su kwana biyu suna jigila. Amma ai mutum ma nauyi ne. Ya je dakalin masallaci ya durƙusa ya roƙi dattawa su taimaka su hau bayan Kofur.

Dattawa goma sha ɗaya suka taso, don ba kullum ake samun abin kallo irin wannan ba. Sai aka ga bodin ya yi musu nisa, babu mai iya hawa. Aka aro tsani a gidan Liman. Aka riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya, wannan na cewa a yi hankali da gwiwarsa, wancan na cewa a riƙe masa carbi. 'Yan shayi su ma suka hau. Ilu ya sa hannu ya duba ya ce ta sauka yatsa ɗaya da rabi.

Wani dattijo daga sama ya ce, "Da ka zo shekara arba'in da suka wuce, da ni kaɗai na ishe ka."

Aka ce a kira Sarkin Pawa, wanda babu mai jikinsa a garin. Ɗan aiken bai iya baki ba, ya je ya ce masa ana neman mai nauyi. Sarkin Pawa ya zaci nauyin daraja ake nufi, ya sa babbar riga ya zo. Da ya fahimci abin da ake so da shi ransa ya ɓaci, amma ya riga ya zo, ya hau. Tsani ya yi ƙara, mota ta yi ƙara. Ilu ya duba ya ce an samu ƙarin yatsa ɗaya.

Sarkin Pawa ya ce, "Ɗaya?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"To ku sauke ni. Ban taɓa ganin motar da ta raina mutane irin wannan ba."

Sauke su ya fi ɗora su wuya. Kafin a gama, an kira azahar.

Bayan an idar da salla Nasidi ya sami Ilu a gefe. Muryarsa ta sauka, ba irin ta ranar kwalin shayi ba.

"Malam Ilu, yanzu ya za a yi?"

"Ni nawa sifana."

"Don girman Allah, Malam Ilu."

Ilu ya tauna goronsa ya haɗiye. Ya ce, "A sace iskar tayoyin. Ba kaɗan ba, kusan duka. Za ta zauna, ta fita da rarrafe."

Fuskar Nasidi ta washe. "To ai shi ke nan. Me ya sa ba ka faɗa ba tun safe?"

"Don sacewa ba wuya. In ta fita, da me za ka mayar?"

Injin ba taya iska mafi kusa yana Tashar Dogo, a kafe a ƙasa da siminti. Kofur ta zo daga bariki da nata tiyon na ba kanta iska, amma tun shekarun baya ya tsage, aka yayyanka shi aka yi wa awaki dabaibayi. Abin da ke garin gaba ɗaya shi ne famfon hannu na Tanimu mai facin keke.

Haka aka yi. Ilu ya bi tayoyi shida ya danne bawul, suka yi ta huci har kajin unguwa suka watse. Kofur ta sauka a hankali ta zauna a kan wilinta. Gwaggo Tasalla ta ɗauke kujerarta ba tare da an roƙe ta ba. Motar ta fito da rarrafe, tayoyi na lanƙwasa kamar tsumma, ta tsaya a tsakiyar fili gaban duk mutanen da aka gayyato kallon manjo.

Aka kawo famfon keke. Nasidi ya tuɓe shadda ya rataye a madubi, ya taka famfon da ƙafa ya fara. Ya yi ɗari, tayar ba ta san ana yi ba. Ya yi ɗari biyar, ta ɗan motsa kamar mai juyi a barci. Lawandi ya karɓa ya yi ashirin, ya tuna ya bar wayoyin mutane a caji. Sauran 'yan shayi suka tuna da nasu uzurin. Dattawa dai ba su tafi ba, suka jawo tabarma inuwa suna ba da shawara, wannan ya ce ya riƙa lanƙwasa gwiwa, wancan ya ce a zamaninsu da baki ake hurawa. La'asar ta yi yana taya ta biyu. Magariba ta yi yana ta uku. Mutanen fadama suka gaji da jira, suka rufe kwandunansu da ganye suka dawo a ƙafa, kowa ya biyo ta filin ya tsaya ya kalla, ya ce masa sannu da aiki, irin sannun da gara zagi da ita.

Ran Laraba, lokacin da ya kamata a ce Kofur ta kusa Tashar Dogo, Nasidi yana taya ta biyar, tafin hannunsa duk ya yi ƙuraje ya fashe, an naɗe masa da tsumma. Da hantsi ya gama ta shida. Aka ruga fadama aka loda. A yashi kam tayoyin sun yi aiki, wannan ba a hana su ba, ta ratsa rafi kamar tana tafiya a kan tabarma. Amma sun shiga Tashar Dogo bayan la'asar. Motocin 'yan Kudu sun tashi tun azahar, ba abin da ya rage a tashar sai ɓawon rake. Mutane kuwa sun miƙe tsaye sun kalle shi, kamar yadda ya so.

Kwando tamanin suka tafi, kwando tamanin suka dawo. Da suka iso gida gab da magariba, Nasidi ya saita hancin motar a ƙofar gareji ya shiga a hankali, kowa ya riƙe numfashi. Kofur ta shige sumul. Ilu ya sa hannu tsakanin rufi da azara, ya sami yatsa biyu cif.

Nasidi ya leƙo ta taga, da sauran ƙarfin hali a muryarsa. "Kun gani ko? Lissafina daidai yake."

Ilu ya ce, "Daidai yake."

Masu tumatir suka shigo kowa ya sauke kwandunansa, don a kai wa mata su fara yanka tun bai ruɓe ba. Ana saukewa Kofur na tashi, ana saukewa tana tashi, har kwando na ƙarshe ya fita. Nasidi ya ɗaga kai ya ga rufin motar ya koma bayan azara, inda yake jiya da safe.

Sallau yana zaune a zaure, Gwaggo Tasalla na gefensa tana ƙulla daddawa. A ƙafarta akwai sabon takalmin taya, Mamuda ya aiko mata. Nasidi ya shigo ya durƙusa. Uban ya buɗe tafin hannu kawai. Nasidi ya ɗora makullin.

Sallau ya ce, "Ilu, karɓi. Kai za ka riƙa tuƙa ta."

"To, Maigida."

"Tanimu ya ce ya bar mana famfon?"

"Ya ce ya bari. Ya ce bayan abin da famfon ya gani, ba zai iya komawa keke ba."

"Miƙa wa Nasidi."

Ilu ya miƙa masa. Sallau ya ce, "Kofur ba ta kwana a waje, azara kuma ba a taɓa ta. Duk Laraba in ta dawo ba kaya, a sace iskar ta shiga. Duk Talata ta fito da rarrafe, ka mayar mata da abinta kafin hantsi, ko da tun tsakar dare za ka fara. Haka za a yi har ka turke wani san ya girma, ka sayo mata irin takalman da ka tarar da ita da su. Wanda ya ba ta manjo shi zai yi mata hidima."

Nasidi ya dubi famfon, ya dubi hannayensa da ke naɗe da tsumma. Sa ba ya girma a ƙasa da shekara biyu. Ya juya wajen tsohuwar, ko za ta sa baki.

"Gwaggo, ki taya ni roƙonsa. Taya shida fa, duk mako. Ina zan samo iskar da za ta cika su?"

Gwaggo Tasalla ba ta ɗago daga daddawarta ba.

Ta ce, "Juye musu wadda ke kanka. Har safaya za ta samu."